Durom ɗin gashina ya yi tsatsa, naman kuma ƙonewa yake: ina matsalar take?

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga Kaduna. Ya ce bara, gab da Babbar Sallah, ya sa mai walda ya raba masa durom gida biyu, aka yi masa ƙafafu da murfi da waya. Ya yi gashi sau uku ko huɗu, ya jingine shi a bayan gida. Bana da ya je ɗaukowa sai ya tarar gindin ya huje da tsatsa. Ya ƙara da cewa ko lokacin da abin yake sabo, namansa bai taɓa yin irin na masu balangu ba: waje ya ƙone, ciki da jini, ga wani ɗaci-ɗaci. Yana so ya san yadda zai gyara, da kuma ko zai iya yin banda a cikinsa.

Malam, sannu da ƙoƙari. Ni a gidan mahauta na tashi, na yi shekaru ina tsayuwa a tukuba kafin in shiga aikin kicin na otal, kuma abin da ka bayyana na gan shi a gidaje ba adadi. Bari in fara da naman, don shi ne ya fi ciwo: mutum ya yanka rago da kuɗinsa, ya tara iyali, a ƙarshe a riƙa kankare baƙi ana neman abin ci.

Ka taɓa tsayawa ka dubi tukubar mai tsire da kyau? Tudu ne na ƙasa da toka, zagayayye, wuta tana tsakiya, tsinkayen tsire kuma an kakkafa su a kewaye, sun ɗan sunkuyo wajen wutar. Babu tsinke ko ɗaya da ke bisa harshen wuta. Hucinta ne yake dukan naman daga gefe. Kitse in ya narke sai ya gangaro ya ɗiga cikin toka, bai taɓa garwashi ba balle ya tayar da wuta. Wanda ya kusa nuna sai mai tsire ya zare shi ya kafa a baya kaɗan, ɗanye kuma ya matso da shi gaba. Haka mutanen Nijar suke yi wa ragon layya a Yamai da Damagaram: a buɗe shi a kan sanduna biyu da aka gicciya, a jera raguna kewaye da babbar wuta, a bar su sa'o'i suna shan zafi daga nesa ana juyawa. Wuta tana wurinta, nama yana wurinsa. Abin da durom ya ɓata wa mutane ke nan, domin ya ɗora nama kai tsaye bisa garwashi, ya bar mai gashi ba shi da wurin da zai janye.

To gyaran yana hannunka. Kada ka sake shimfiɗe gawayi daga wannan kai zuwa wancan. Tara shi a ɓangare ɗaya, kamar kashi ɗaya cikin uku na tsawon durom ɗin, sauran wurin ka bar shi fayau. A ƙarƙashin wayar ta ɓangaren da babu wuta ka ajiye tsohon faranti da ɗan ruwa a ciki don ya tari maiƙo. Yanzu kana da wuri biyu: mai zafi, inda za ka ɗora nama ya yi ja cikin 'yan mintuna, da mai sanyi-sanyi, inda zai zauna ya nuna har ciki. Siririn yanka irin na tsire, wanda bai fi kaurin ɗan yatsa ba, zai iya gamawa a ɓangaren zafi. Amma cinyar kaza, haƙarƙari, ƙaton yankan cinyar rago, waɗannan a ɓangaren da babu wuta ya kamata su yi mafi yawan zamansu, murfi a rufe, sai a ƙarshe ka matso da su bisa garwashi su ɗauki launi.

Ka kuma auna tazarar da ke tsakanin garwashi da waya. Masu walda da yawa kan manna wayar dab da wurin gawayi, ba su bar ko faɗin tafin hannu ba. Aƙalla taƙi guda ake so. In naka bai kai ba, ka koma a ƙara maka matakai biyu ko uku da za ka riƙa ɗaga wayar ko sauke ta. Hanyar gane zafi kuwa tsohuwa ce: riƙe tafin hannunka sama da waya kaɗan kana ƙirge a hankali. In ka janye a biyu ko uku, wuta ta yi ƙarfi, ta tsire ce. In ka kai biyar ko shida, ta kaza ce. In ka kai goma ba ka ji komai ba, nan ne wurin babban nama.

Murfin da aka yi maka ba ado ba ne, amma ba zai yi aiki ba sai da ƙofofin iska. Wuta da iska take rayuwa. Ana buƙatar huda a ƙasa ta gefen gawayi, da wata a sama ta gefen nama, kowacce da ɗan faifan ƙarfe da za ka iya turawa ka rage ko ka ƙara. Iska ta shiga ta ƙasa, ta bi ta kan garwashi, ta ratsa naman, ta fita ta sama. In kana son zafi ya ragu, ka tsuke ta ƙasa. Ta sama kuwa kada ka taɓa rufe ta ruf muddin akwai nama a ciki, in ba haka ba hayaƙi zai kwanta a kan naman ya bar masa kunkunniya. Wannan ita ce duk dabarar da ke cikin murhun gashin nan mai kamar tulu da kamfanin Weber yake sayarwa, wanda wani Ba'amurke, George Stephen, ya ƙera a Shikago a 1952: murfi, da hudar ƙasa, da hudar sama. Mai waldan unguwarku zai iya yi maka su da rana ɗaya.

Ɗacin da ka ambata yana da tushe fiye da ɗaya, kuma ina zargin kananzir da farko. Mutane kan zuba shi su kyasta ashana, ko su cusa leda, su ga wuta ta tashi su ɗora nama nan take. Warin nan ba ya barin nama. Fetur kuwa kada ma ya kusanci wurin. Na san wanda ya tsiyaya shi daga jarka a kan gawayin da yake zaton ya mutu, har yau tabon yana hannunsa da wuyansa. Nemi babban gwangwani, irin na madarar gari ko na tumatir ɗin 'yan abinci, ka cire gindinsa, ka huhhuda gefen ƙasa, ka sa 'yar waya a ciki. Takarda da ƙirare a ƙasa, gawayi a sama, ashana ɗaya. Cikin minti 20 ya kama, sai ka juye. Kuma kada nama ya hau sai baƙin gawayin ya lulluɓe da farar toka, hayaƙi ya ɗauke. Gawayin ma iri-iri ne. Na ƙirya shi ne sarki, shi ya sa maƙera suke nemansa: nauyi gare shi, in ka buga biyu za ka ji ƙara kamar ta ƙarfe, ga daɗewa. Na marke ma yana da kyau. Wanda ka ɗaga ka ji shi sakayau, ko ka karya ka ga cikinsa ja-ja bai gama ƙonewa ba, hayaƙi da tartsatsi kawai zai ba ka.

Tushe na biyu shi ne kitsen da ke ɗiga bisa garwashi. Wutar nan da ke tashi fuu ta lashi nama, da baƙin hayaƙin da ke biyo ta, ba ɗanɗano kaɗai suke ɓatawa ba. Suna ɗauke da wasu sinadarai, cikinsu har da benzopirin, wanda hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin abubuwan da ke haddasa cutar. Saboda shi ne Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa kada ya wuce maikrogram 2, wato kashi biyu cikin miliyan na giram, a kowane kilo na nama ko kifin banda, abin da ya sha hana bandarmu shiga kasuwarsu. Ban faɗi wannan don in tsorata ka da gashi ba. Na faɗa ne don ka rage kitsen da ya yi yawa kafin ka ɗora, ka janye nama da zarar wuta ta tashi, ka kuma yanke wurin da ya ƙone ƙurmus ka zubar.

Na uku, yaji. Ƙuli-ƙuli gyaɗa ce, gyaɗa kuwa da wuri take ƙonewa, in ta ƙone kuma ɗaci take. Ga siririn tsire babu laifi, don kafin yajin ya ƙone naman ya nuna. Amma babban yanka da zai yi awa guda ko biyu, gishiri kawai za ka shafa masa tun da wuri, da ɗan citta da tafarnuwa da masoro in kana so. Yajin ƙuli sai ya rage kamar minti goma a sauke: ka shafa man gyaɗa, ka barbaɗa, ka juya sau biyu. Sauran a ci da shi a faranti.

Akwai wani abu game da naman layya da ba a cika faɗa ba. Dabba in an yanka ta, bayan 'yan sa'o'i tsokarta kan sandare, kuma sai ta kwana kafin ta fara saki. Wanda ya gasa cinya da la'asar ɗin ranar Sallah, a daidai lokacin taurin ya gasa ta, ko wace irin wuta ya haɗa. Shi ya sa a gidajenmu hanta da ƙoda ake fara gasawa ranar yanka, sauran sai washegari. In kana da firji mai wuta, ka bar naman gashin ya kwana ɗaya ko biyu a ciki. In babu, kada ka bar shi a tare cikin roba ko leda a wannan zafin namu. Rataye shi inda iska ke kaɗawa, a inuwa, ka kare shi daga ƙuda, ka yi aikinsa da sassafe.

In za ka sayi abu ɗaya tak saboda wannan sana'a, ka sayi ma'aunin zafi mai tsinke, wanda ake soka wa nama. Kaza sai tsakiyar cinyarta ta kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyos. Yankan sa ko rago, 63, sannan ka bar shi ya huta aƙalla minti uku. Niƙaƙƙen nama, 71. Ido yana ruɗi, musamman da daddare a hasken fitila. Hutun nan ma yana da amfani ga ɗanɗano: in ka yanka nama da saukewarsa, romon zai malale a katako. Rufe shi na minti goma. Masu balangu da takarda suke rufewa, amma ina roƙonka ka guji takardar buhun siminti da jarida. Nemi takarda mai tsabta ko kwano mai murfi.

Yanzu ga tsatsa. Ba wuta ce ta huda maka durom ba, toka ce. Ka san yadda mata ke tace ruwan toka su sa a miya ko su haɗa sabulun salo da shi? Kaifin nan da ke narkar da maiƙo ya zama sabulu, shi ne ya kwana a gindin durom ɗinka damina guda. Toka tana jan laima ko ba a yi ruwa a kanta ba, ta riƙe ta a jikin ƙarfen da wuta ta riga ta cinye fentinsa, ga gishirin da ya zuba daga nama yana taya ta. Tokar da ke tallafar tsinke a tukubar ƙasa, a cikin ƙarfe ita ce ajalinsa. Don haka duk ranar da ka yi gashi, washegari in ta huce sarai, ka kwashe ta tas, ka share da tsintsiya. Kada ka kashe garwashi da ruwa a cikin durom; ƙarfe mai zafi in ya sha ruwan sanyi lanƙwashewa yake, ga kwaɓin tokar da zai bari. Rufe murfi da duka ƙofofin iska, wutar za ta mutu da kanta, ragowar gawayin kuma ya yi maka amfani gaba.

Wanda ya riga ya huje, in hujin bai wuce tafin hannu ba, a yanke wurin a liƙa sabon falle. Amma ka sa a yi maka abin da ya kamata a yi tun farko: tire na ƙarfe mai kauri da za a iya zarowa, da 'yar waya a samansa inda gawayi zai zauna, don kada garwashi ya sake taɓa jikin durom ɗin. A kuma huda ƙaramin rami a mafi gangaren gindin saboda ruwa ya samu mafita. Sauran tsatsar ka goge da sanfefa, ka shafe ciki da man gyaɗa siriri, ka hura wuta na awa guda babu nama. Man zai ƙone ya zama baƙin rufi mai sheƙi, irin wanda ke jikin tsohon kaskon tuya, shi ne kariyarsa. Ciki ba a yi masa fenti ko kaɗan. Waje kuwa sai fenti mai jure zafi, ko shi ma ka shafa mai. Baƙin man mota kada ya zo kusa.

Wayar kuma tana da zafi ake goge ta. Da ka sauke nama, ka soki rabin albasa da cokali mai yatsu ka dirje ta, sannan ka shafa mai da tsumma. In ka yi amfani da buroshin ƙarfe, ka duba da kyau bayan ka gama, don siraran wayoyinsa kan karye su maƙale, su shiga nama, su tsaya wa mutum a maƙogwaro. Wajen ajiya, ƙarƙashin rumfa ya fi, ƙafafun bisa bulo. In tamfol za ka rufa, ka bar ƙasa a buɗe iska na shiga, in ba haka ba gumi zai taru a ciki ya yi aikin da ruwan sama bai yi ba.

Abu biyu nake so ka bincika kafin ka kashe ko kwabo a gyara. Me aka taɓa zubawa a durom ɗin? In na man gyaɗa ne ko wani abin ci, ka ƙone shi da wuta mai ƙarfi har fentin ya kakkaɓe, ka wanke, shi ke nan. In na maganin ƙwari ne ko sinadarin da ba ka sani ba, ka rabu da shi, araharsa ba ta kai lafiyar 'ya'yanka ba. Sannan wayar: in irin mai farin ruwan tutiya ce ta shingen kaji, ko shantar tsohon firji, a canza ta da rodi siriri ko ƙarfen da ba ya tsatsa, don rufin jikinsu ba a yi shi don wuta ba. Ka kuma ajiye bokitin yashi a kusa. In maiƙo ya kama, yashi da murfi ke kashe shi, ruwa watsa shi yake. Kuma duk sanyin hunturu, kada a shigar da ragowar garwashi ɗaki a rufe ƙofa. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutane suna barci take ɗauke su.

Batun banda, eh, za ka iya, amma ka fara sanin wacce kake nufi. Bandarmu ta gargajiya, irin ta kifin Baga da ta Yawuri, busarwa ce: ana so ruwan jikin kifi ko nama ya fita don ya yi makonni bai lalace ba. Wadda kake gani a bidiyon Amurkawa, musamman mutanen jihar Tekzas da naman ƙirjin saniya, dahuwa ce da hayaƙi: zafin cikin murhu tsakanin digiri 107 da 120, nama ya yi awa goma ko fiye har tsakiyarsa ta kai wajen 93, jijiyoyin su narke ya yi laushi. Wannan ba ta ajiyuwa; a ci a ranar ko a sa a firji.

Duka biyun a ɓangaren da babu wuta ake yin su, da garwashi kaɗan da ake ƙara wa lokaci-lokaci, da guntun busasshen itace ɗaya ko biyu a kai. Tsamiya, marke, mangwaro, ko totuwar masara, duk suna ba da hayaƙi mai daɗi. Darbejiya ɗaci take sawa. Tumfafiya da tinya da duk wani mai farin ƙaro, da katako mai fenti ko filawud, ka nisance su. Hayaƙin da ake so siriri ne, shuɗi-shuɗi, wanda sai ka lura za ka gan shi. In ka ga fari tuƙuƙu yana fita, wutar ta shaƙe, buɗe mata iska. A irin ta Amurkawa, in nama ya kai wajen digiri 68 za ka ga ma'auni ya tsaya cak na sa'o'i. Ruwan jikinsa ne ke fita yana sanyaya shi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Kada ka ƙara wuta; ka naɗe shi a takarda mai tsabta ka mayar, zai wuce.

In kifi ne, tarwaɗa ta fi sauƙin farawa. Ka cire kayan ciki, ka wanke yauƙin da gishiri ko lemun tsami, ka jiƙa ta a ruwan gishiri na rabin awa, ka lanƙwasa ta ka soke wutsiya a kai da tsinke, sannan ka bar ta a iska har fatar ta daina sheƙin ruwa. Jiƙaƙƙen kifi hayaƙi ba ya kama shi da kyau. Awa biyu zuwa uku na farko da ɗan zafi don ta nuna, daga nan ka rage wuta sosai ka ci gaba da busarwa kana juyawa. Ta ci a kwana biyu, yini ɗaya ya isa. Ta ajiya sai ta kwana biyu ko uku tana shan wuta, har ka ɗaga ka ji ta sakayau, ka ƙwanƙwasa ta yi ƙara. In abin ya karɓe ka har kana tunanin sayarwa, durom zai yi maka kaɗan. Matan Chorkor, wata unguwar masunta a Akara ta ƙasar Gana, tun 1969 suke aiki da wani murhu na ginin ƙasa mai kusurwa huɗu, wanda ake jera tire-tire na katako da waya bisa juna a kansa, hayaƙi ɗaya ya ratsa su duka, itace kaɗan kifi mai yawa. Magini da kafinta za su iya yi maka irinsa a tsakar gida.

Bandar da ta bushe, ka bar ta ta huce sarai kafin ka tara, ka sa a kwando ko kwali inda iska ke ratsawa, ban da leda. Duk bayan kwana uku ko huɗu, musamman da damina, ka mayar da ita kan wuta na awa guda. Maganin ƙwari irin su fiya-fiya da wasu ke yayyafawa don korar tsutsa guba ne, kada ya taɓa abin da za a ci. In ka ga fari-fari na fumfuna ko ka ji wari ya canza, ka zubar.

Kafin Sallah ta zo, ka gwada da kaza guda. Tsaga ta ta baya ka buɗe ta, ka shafa gishiri, ka kwantar da ita a ɓangaren da babu wuta, ƙafafun suna fuskantar garwashi don cinya ta fi ƙirji son zafi. Rufe murfi, hudar sama a buɗe, ta ƙasa rabi. Kada ka ɗaga sai bayan minti 40, sannan ka soka ma'auni a cinya. In ta kai 68, ka shafa mai da yaji, ka kifa fatar bisa garwashi na minti biyu ko uku kana tsaye a kanta, ka sake aunawa ka ga 74, ka sauke.